Buzu a Bayan Injin Markaɗe

Wanda bai taɓa wuni a gaban injin markaɗe ba bai san daɗin shiru ba. Ni na sani, domin shekara da shekaru ina tsaye a kan nawa, a wata unguwa da ke bakin garin Daura, ta hanyar da ke fita Zango. Tun hantsi robobi ke jeruwa a ƙofar rumfata, masu kayan miya da masu waken ƙosai, ga geron koko, ga waken suya na masu awara. Inji yana ruri, ni ina turawa da sanda ina tsiyaya ruwa. Mai son gaishe ni sai ya buɗe maƙogwaro kamar mai kiran na tsallaken rafi. Har a cikin gida muryata ta saba da haka. Marigayi maigidana yakan toshe kunne ya ce, "Ke, ni ba inji ba ne, ina jin ki."

Shi ya kafa mini injin. Direba ne, aikin gwamnati ya kawo mu nan daga ƙauyenmu na kudancin Katsina, inda kakanninmu suka karɓi bishara tun ba a haifi iyayenmu ba. Hausawa ne mu gaba da baya, kuma Kiristoci ne mu gaba da baya, abin da har gobe yake ɗaure wa mutane kai a garin nan, na cikin coci da na wajenta. Rumfar tana jingine da katangar gidanmu, masallacin unguwa kuwa ga shi nan dab, in ka yi tari a rumfar na sahun baya zai ji. Ranar da aka fara tayar da injin maigidana ya kafa doka: da ladan ya ɗaga murya a kashe, ba a sake ja masa igiya sai an sallame. Ba wanda ya roƙe mu. Shi dai cewa ya yi zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Da fari dokar nan haushi take ba ni. Ga wake ya jiƙu, ga yara sun yi cirko-cirko iyayensu mata na jira a gida, ni kuma na harɗe hannu ina kallon hanya. Amma na bi, har ta zame mini jiki. Ko da ya rasu ban fasa ba.

Rasuwarsa ce ta ƙwace mini addu'a. Ba mu da ɗa, ba mu da jika, mu biyu ne kamar tagwayen masara, sai aka ɓare ɗaya. Aka binne shi a 'yar maƙabartar da ke bayan cocinmu, can bayan gari, aka bar fili a gefensa. 'Yan zumuntar mata sun yi mini ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. Sun zo sun yi waƙa, sun dafa kaina sun yi addu'a. Sai dai addu'ar cocinmu irin ta injina ce. Ana cewa mu yi addu'a sai kowa ya ɓarke, lasifika na ƙara, ganga na tashi, wata na tsawata wa Shaiɗan kamar ya ci mata bashin daddawa. Ni ma nakan buɗe baki in bi yarima a sha kiɗa, amma cikina fayau. Na yi wata da watanni ban faɗa wa Allah kalma ɗaya da ta fito daga zuciyata ba. Fushi nake yi da shi, kuma ina jin tsoron fushin.

Wata rana da azahar, cikin zafin bazara, ladan ya kira salla na kashe inji. Ƙafafuna suka ce ba za su ƙara ɗaukata ba. Ƙasan rumfar kullum a jiƙe yake da ruwan markaɗe, don haka na shiga gida na ɗauko wata fata da ke rataye a bayan ƙofa. Fatar akuyar da maigidana ya yanka mana ce a Kirsimetinsa na ƙarshe, ja mai farin tabo a wuya. Da hannunsa ya shanya ta a tsakar gida ya goga mata toka da gishiri, yana ta cewa zai kai wa majema, har ya tafi bai kai ba. Ta bushe ƙamas, in ka zauna a kai sai ta yi ƙara. Na shimfiɗa ta a lungun da ke bayan inji, inda buhu ya kare ni daga idon hanya, na zauna.

Kunnena ya yi ta shuuu, sannan ya lafa. Na ji kurciya a kan darbejiya. Na ji liman yana kabbara can ƙasa-ƙasa, na ji ruwa yana ɗiga daga bakin inji cikin bokiti. Ban shirya yin addu'a ba. Na dai rufe ido na ce a raina, "To, ga ni." Ban ƙara komai ba, ba a kuma ce mini komai ba. Amma na ji kamar yadda nake ji dā in ina tsince shinkafa maigidana yana gefe yana gyaran rediyonsa, ba mai magana, kowa ya san ɗan'uwansa yana nan. Da aka sallame na tashi na ja igiya, fuskata sharkaf da hawaye, zuciyata kuwa sakayau.

Daga ranar na samu wurin zuwa. Azahar da la'asar suka zama nawa. Wani lokaci in kai wa Allah ƙarar ciwon gwiwata, wani lokaci in tambaye shi dalilin da ya ɗauki mai kirkin ya bar mai bakin, amma yawanci zama kawai nake yi. Na tuna Ubangijinmu Yesu ma yakan sulale ya bar taro ya nemi inda ba kowa, sai na ce ashe ba ni na fara ba. Ban gaya wa kowa ba. Abin ya yi mini daɗi har ina tsoron in na faɗa zai gudu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mai markaɗen attaruhu ba ta rufe ido da hannun aiki, sai in tana neman makanta. Saboda haka kafin in zauna nakan ɗauki buta in wanke hannu har gwiwar hannu, in wanke fuska, in ɗauraye ƙafafu da ƙullu ya fantsama musu. Gyale kuwa kowace mace mai mutunci tana da shi a ka. Ƙofar rumfar yamma take kallo, wajen hanya, ni kuma ina ba hanya baya don kada a dame ni. Wanda ya ba yamma baya, ina ya fuskanta? Wallahi ko sau ɗaya lissafin nan bai zo mini ba.

Wadda ta fara lura matar ladan ce, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, da nake kira Inna. Katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta kwana da ni makon da aka yi mini rasuwa, ita ke aiko mini da naman layya, ni kuma in aika mata shinkafar Kirsimeti. Sai na ga fara'arta ta ƙaru. Yau dabino, gobe fura. Ran nan sai ga ta da sabuwar buta, shuɗiya, ta ajiye mini a bakin rumfa.

"Mai inji, waccan taki ta tsage, ga wannan. Allah ya ƙara haske."

"Amin, Inna. Har da wahala haka?"

"Wace wahala, 'yar nan? Mu dai muna gani, muna kuma yin shiru. Komai da lokacinsa."

Na yi godiya na shige, ina cewa a raina tsohuwar nan akwai kirki. Kan kifi gare ni a ranar, ban gane komai ba.

Ana haka shugabar zumuntar matanmu ta zo da kanta da bokitin wake, za a yi alala don taron mata. Malamar asibiti ce, mutuniyar kudu, mai tsoron Allah da tsoron abin da mutane za su ce, ban san wanne ya fi yawa ba. Ta iso daidai la'asar. Ta tarar da inji a kashe, ta leƙa bayan buhu. Ga ni a kan fata, fuska da danshin ruwa, gyale a ka, na fuskanci gabas, ido a rufe, ga sabuwar buta a gefe, ga liman yana kabbara a bayan katanga. Ban san tsawon tsayuwar da ta yi ba. Da aka sallame na buɗe ido, sai na ji murya a kaina.

"Sannu da ibada, 'yar'uwa."

Yadda ta faɗe shi ya sa na waiwaya na dubi kaina da idonta. A lokacin ne kuma na gane butar Inna.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ce dattawan ikilisiya suna son ganina. Aka zaunar da ni a kan benci a ofishin fasto, shugabar zumuntar mata ma tana nan. Fastonmu yaro ne a kaina, ba mugu ba ne, kuma na san abin da ke cin sa. Cocin 'yar ƙarama ce, yawancinmu baƙi ne da aiki ya kawo, yau ana nan gobe an yi canji. 'Yan Hausawan cikinmu kuwa, a 'yan shekarun nan gida biyu sun koma wancan ɓangaren, kuma duk a hankali abin ya fara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Mama," in ji shi, "an ce an gan ki kina salla."

"Baba Fasto, addu'a nake yi."

"A kan buzu? Da alwala?"

"Fatar akuyar maigidana ce. Wankin kuwa, ka taɓa sa hannun attaruhu a ido?"

Wani dattijo ya yi dariya ya maida ta tari. Shugaba ba ta yi ba. Ta ce, "Me ya sa sai lokacin da suke yi? Awa nawa ne a rana?"

"Don lokacin ne inji yake mutuwa. Da kin ba ni wani shirun ai da na karɓa."

"Zama da maɗaukin kanwa dai shi ke kawo farin kai," in ji ta.

Na so in ce mata kanwar ce ta kwana da ni lokacin da nake kuka, amma na haɗiye. Fasto ya sassauta murya ya yi mini tambayar da ta kashe ni.

"To Mama, in kin zauna, me kike cewa? Faɗa mana addu'ar, mu ji sunan wanda kike kira."

Da na iya ƙarya da na tsira. Sai na ce, "Ba na cewa komai."

Suka dubi juna. A wurinsu addu'ar da ba a ji ba, ba a yi ta ba. Na yi ta kame-kame ina neman yadda zan bayyana musu zaman nan, na kawo misalin tsintar shinkafa, na ga kunya ta kama su a madadina. Abin da ke da nauyi a cikina, da ya fito baki sai ya zama shirme.

Fasto ya ce shi bai ce na bar bangaskiya ba, amma na zama sanadin tuntuɓe, kuma unguwa ta riga ta ɗauka. Sai in daina, in kuma kawo buzun coci a gaban shaidu. In na ƙi, za a sa ni a horo: bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba zumuntar mata. Dattijon da ya fi kowa shekaru, wanda ya riƙe kan makarar maigidana, ya ƙara da abin da sauran suka kasa faɗa.

"'Yata, ki yi tunani. Wanda ya mutu ba ya cikin zumunci, ikilisiya ba ta ɗaukarsa. Kuma in waɗancan suka ce tasu ce ke, wa zai iya ja da su a garin nan? Filin da ke gefen mijinki fa?"

Na fito ina huci. Na ce su riƙe bencinsu, Allah ba a coci kaɗai yake ba. Na yi makonni ina zama a baya tare da 'yan matan da suka yi cikin shege, tiren gurasar jibin Ubangiji yana wuce ni, ni da na girmi uwar mai riƙe da shi. Ina komawa gida kuma in shimfiɗa fatata. Amma zaman ya riga ya gurɓace. Ina rufe ido sai in ji kamar ana leƙe na ta bayan buhu, in kasa kunne ga takun hanya maimakon abin da na zo nema.

Ana cikin haka Inna ta shigo da yamma ta zauna a bakin tabarmata. Labari ya kai mata, zancen duniya ba ya ɓuya.

"Na ji mutanenku sun juya miki baya. Kada ki damu, mai inji, kina da mu. Malam ya ce in kin shirya, ranar Juma'a sai a kai ki wurin liman, a yi abin a fili. Har suna na zaɓar miki."

Idonta cike da ƙauna, shi ya fi yi mini ciwo. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni Kirista ce, jiya da yau. Yesu nake zama da shi a bayan injin nan."

Sannan ta ce, "To. Allah ya shirye mu baki ɗaya." Ta tashi tana dafa gwiwa. Ba ta zage ni ba, ba ta daina gaishe ni ba, har yau jikokinta ni suke kawo wa markaɗe. Amma fura ta tsaya, kuma ta daina kirana 'yar nan. Ta ji kunya ne a gaban mijinta da matan unguwa da ta riga ta yi wa albishir, na kuma san ni na ja mata, ko da ban yi da gangan ba.

Na zauna na duba gaba na duba baya. Gaba kura, baya sayaki. Ba ni da ɗan da zai tsaya a kan gawata ya ce ga inda uwata ta ce a kai ta. Na ga ranar a idona, mutane biyu suna ja-in-ja a ƙofar gidana, ko kuma, abin da ya fi muni, ba wanda ya zo. Maigidana kuma yana can shi kaɗai da fili a gefensa. Na naɗe fatar na ɗaure da igiya, na hau ɗan acaɓa na kai ta. Shugaba ta karɓa da yatsu biyu. Aka yi addu'a mai ƙarfi a kaina, aka ce mako mai zuwa in dawo bencina.

Dokar maigidana ban karya ta ba, ladan na kira ina kashe inji. Sai dai yanzu a waje nake zama, a kan wani tsohon bulo, ina fuskantar hanya, inda duk mai wucewa zai shaida ba abin da nake yi. Ba na wanke hannu sai an sallame, kada a ce. Na gwada neman zaman nan a ɗaka da sassafe, na gwada da yamma bayan an tashi aiki. In zauna a bakin gado in ce, "Ga ni." Ba kowa. Kunnena ne kawai ke shuuu. Na canza ɗaki, na canza lokaci, na yi azumi. Mai yiwuwa laifin tsufa ne, mai yiwuwa kuma wanda ka bari don tsoron mutane ba ya saurin dawowa. Fasto ya ce in daure, lokacin fari ne, kowane mai bi yana shiga. Damina nawa ta wuce tun daga nan, ban ga hadari ba.

Ranar Ista ta shekarar aka yi babbar sujada. Zumuntar mata za su shigo da waƙa, ni ma ina cikin layi da anko, tun da an maido ni. Tsohuwar gangarmu ta daɗe da fashewa, sai na ga an ɗaure mata sabuwar fata, tana ta zaƙi. Da muka zo kusa da mai kiɗan na kai ido. An jiƙa fatar an kankare gashin tas, amma a gefe, inda aka naɗe ta a jikin zobe, aska ba ta kai ba. Ga jan gashi nan ya zagaye, ga ɗan farin tabo.

Shugaba ta ga inda nake kallo. Ta matso ta rungume kafaɗata, da zuciya ɗaya, tana murmushi.

"Kin gani, 'yar'uwa? Ba a jeme ta ba, shi ya sa ta yi. Ba mu bari ta lalace ba, mun keɓe ta ga aikin Ubangiji. Yanzu kowa zai ji ta."

Na ce, "Haka ne." Layi ya motsa, na motsa. Na yi rawar har gaban bagade, na karɓi gurasa na karɓi ƙoƙo, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Yau ma kowace Lahadi ina zuwa, ina zama a layin gaba, kusa da ganga, don nan ne wurin tsofaffi. Ana dukanta tun daga waƙar buɗewa har albarka, ina jin kowane bugu a ƙirjina. In an tashi nakan zagaya baya in cire ciyawa a kan kabarin maigidana, in cire har ta filin da ke gefe. Dattijon nan ya tabbatar mini nawa ne, ba mai taɓa shi. Can dai ba inji, ba lasifika, ba mai tambayata me nake cewa. Nakan tsaya in daɗe ina kallon wurin, in ce ko a nan ne za a sake zama da ni. Daga cikin coci kuma sai in ji yara sun samu gangar, suna ta dukanta.